Rufin Ɗakin Gwaggo Hajo

Ranar da aka sauke fel a ƙofar gidan Alhaji Maharazu da ke Koki, har maƙwabta sai da suka leƙo. Fel dai shi ne baƙar shimfiɗar kwaltar nan da ake naɗowa kamar tabarma, a hau da ita saman gini a manna da wuta don kada ruwan sama ya ratsa. Alhaji ya gama ɗora bene a sashensa, damina kuma ta ƙarato, shi ya sa ya ɗauko Malam Tanko mai aikin rufi ya ce a yi masa aikin da ba zai sake waiwayarsa ba.

Malam Tanko ya warware bakin naɗi biyu a zaure ya nuna masa.

"Alhaji, wannan mai kaurin milimita biyu ne, shi ne shimfiɗar ƙasa, shi ake fara sawa. Wannan mai yashi-yashi a bayansa mai huɗu ne, shi ke zama a sama ya sha rana ya sha ruwa. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya."

Alhaji ya murza su da yatsu kamar yadda yake murza yadi a kasuwa. Mutumin da ya tsufa a cinikin shadda ba sai an koya masa bambancin mai kauri da shara-shara ba. Ya gyaɗa kai ya ce a sa masa duka biyun, a kuma ninka su sosai a kan ɗakin da yake ajiye kaya.

Da suka hau saman benen, sai ga rufin ɗakin Gwaggo Hajo a ƙasansu. Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifin Alhaji ce, ɗakin kuma shi ne rabonta a gadon gidan ubanta. Shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan, rufin azara ne da ƙasa irin na da, ya lafe a jikin sabon benen. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka takan kira magini ya sake yaɓe mata samansa. Bana Alhaji ya hana, ya ce ba za a shigo masa da ƙasa da taɓo a kan sabon tayil ɗin tsakar gida ba, shi zai ɗauke mata wannan wahalar.

"In ka gama nawa, ka rufe mata nata," in ji shi.

"Mai huɗun ba zai kai ba, Alhaji."

"Mai biyun fa?"

"Zai yi saura. Amma shi kaɗai rana za ta gasa shi ya tsattsage. Ga shi indararonka a kan ɗakin yake zuba."

"Tanko, ɗakin tsohuwa ne, ba sito ba. Me ke ciki? Gado ne da kwalla. Da can ma ƙasa ce zalla ta rayu a ciki, balle yanzu da za a ƙara mata da fel."

Malam Tanko ya sosa ƙeya ya ce, "Yadda ka ce, Alhaji." Ya faɗi gaskiya sau ɗaya a hankali, a ganinsa ya sauke nauyi ke nan. Aka shafe saman ɗakin da ɗan siminti, aka manna mai biyu, kafin la'asar an gama.

Gwaggo Hajo ba ta san wani mai biyu da mai huɗu ba. Abin da ta sani, ɗan wanta ya tuna da ita. Ta dama wa ma'aikata fura, ta tsaya a tsakar gida tana ta sa wa Alhaji albarka. Shi kuwa ya ce ba komai, ai wajibinsa ne.

Ruwan farko ya zo ya wuce, ko ɗigo bai faɗo a ɗakin ba. Na biyu ma haka. Gwaggo ta riƙa ba wa duk wadda ta shigo gidan labari.

Abin da ba ta gani daga ƙasa shi ne, rana ta riga ta yi aikinta tun kafin ruwan ya yi ƙarfi. Fel ɗin ya kumbura ya faffashe, indararon bene kuma yana kwararo masa ruwan gida guda a wuri ɗaya. Rufin ƙasa in ya sha ruwa, rana ce ke busar da shi. Yanzu ruwa yana samun hanyar shiga ta tsagogi, rana kuwa ba ta da hanyar fitar da shi, don an lulluɓe shi da baƙar kwalta. Ƙasar ta riƙa sha tana riƙewa, tana ƙara nauyi a kan azarar da ta girmi kowa a gidan. Da ma an bar shi yadda yake, da ya fi masa lafiya.

Wari ne ya fara. Wani irin warin rima da ke kama zannuwa da abin sallah, har ya kama garin tuwo a cikin kwalla. Daga nan farar ƙasar da ke jikin rufin ta yi duhu ta soma ɓamɓarowa. Gwaggo ta jira Alhaji ya shigo gaishe ta da safe, ya tsaya daga bakin ƙofa da makullin mota a hannu, yadda ya saba.

"Alhaji, rufin nan fa ban gane masa ba."

"Yoyo yake yi?"

"A'a, ba ya yoyo. Amma..."

"To alhamdu lillahi. Bara war haka ba kina tara kwanoni ba? Gwaggo, ku dai ba ku saba da kayan zamani ba ne."

Ya duba agogo ya fita. Wannan tambaya ita ta zama garkuwar gidan. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce ta nuna masa inda yake ɗiga, ita kuwa ba ta da ɗigon da za ta nuna.

Ta gwada Hajiya Ikram, matar Alhaji, wadda ke fama da tsohon ciki. Ikram ba muguwa ba ce, mace ce dai da ba ta son a kawo mata abin da zai sa ta tashi daga kujera. Ta leƙa ɗakin ta toshe hanci da mayafi.

"Gwaggo, ai tarkacen nan ne da kika ƙi rabuwa da su. Bari in aiko miki da turaren wuta mai kyau."

Aka aiko da turaren. Hayaƙinsa ya haɗu da rima ya sauka a ƙirjin tsohuwa, ta kama tari mai sarƙewa. Aka ce sanyin damina ne, aka sayo mata maganin tari.

Da ruwa ya kankama sai ƙasa ta soma zubowa. Ba da yawa ba, ɗan ɓurɓushi ne, a kan gado, a cikin kunu, wani lokaci a kan fuskarta in ta kishingiɗa. Azarar tsakiya ta yi ciki. Ƙofar da ta saba rufuwa da ɗan yatsa sai da kafaɗa ake tura ta. In gida ya yi shiru da hantsi, takan ji wani ɗan ƙas-ƙas a sama, ya tsaya, ya sake. Ta daina yi wa kowa maganar, ta koma zama da carbi idonta na kan rufi. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ta ji kunyar a ce ta cika ƙorafi a kan kyauta.

A haka 'yarta Nana Hauwa, da ke aure a Ƙofar Dawanau, ta zo duba ta saboda tarin. Tana shiga ɗakin ta ɗaga kai, ta ga yadda azara ta lanƙwasa. Ta ɗauki muciya ta hau benen Alhaji har sama ta duba nasa rufin, sannan ta leƙa ta tagar da ke kallon saman ɗakin. Fel ɗin ya dare ya nannaɗe kamar ƙanzon tukunya. Ta miƙa hannu ta danna muciyar, muciya ta shige ba tare da wata gardama ba, ta fito da baƙin taɓo.

Ta zauna a zaure da muciyar a hannu har Alhaji ya dawo daga kasuwa.

"Yaya, dubi abin da na zaro daga saman ɗakin Inna."

Nana Hauwa 'yar mace ce, shi ɗan namiji, wato abokan wasa ne, kuma Alhaji ya san amfanin wannan. Ya fashe da dariya.

"Yau kuma tuƙin tuwo ake a saman soro? Ke dai kowace shekara da sabon salon da za ki karɓi kuɗin shara."

"Wallahi ba wasa ya kawo ni ba. Rufin nan ya sha ruwa, azara ta lanƙwasa. Naka da nata ba iri ɗaya aka sa ba, na gani da idona."

Dariyar ta ɗan ragu. Ya ciro waya ya kira Malam Tanko, ya buɗe murya don ta ji.

"Ai Alhaji ba a taɓa fel a jiƙe," in ji Malam Tanko. "Ko an sa sabo ba zai kama ba. Sai dai a yi haƙuri damina ta wuce. Ni dai abin da aka ba ni shi na sa. In da hali, a ɗan tokare azarar, a kuma..."

"To na ji, madalla," Alhaji ya katse wayar. "Kin ji daga bakin mai sana'a. Da kaka ta yi zan sa a kware shi gaba ɗaya. Yanzu ina da haihuwa a gabana, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

Nana Hauwa ta koma ciki ranta a ɓace, ta fara tattara kayan uwarta.

"Inna, tashi mu tafi gidana."

"In je in zauna a gidan suruki? Ɗaki ɗaya da falo, in tashi in gan shi in kwanta in gan shi? Ba da ni ba."

"To rai fa, Inna?"

"Rai na Allah ne. Kuma ke yarinya ce, ba ki san gidan nan ba. Ranar da na sa ƙafa na fita da kayana, ranar ɗakin nan ya zama wurin ajiye shadda. A nan aka yanke min cibiya, Nana. Ba ni da wani abu a duniya da ake kira nawa sai shi."

Suka yi ta ja, kowace na hawaye. A ƙarshe suka tsaya a tsakiya. Nana Hauwa ta samo wani ƙaton itace a wurin masu sayar da azara, ta sa aka tokare rufin da shi a tsakiyar ɗaki. Ta fito da katifa da kwalla da akwati ta jera a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gida, inda ake ajiye turmi da murhu. Nan Gwaggo ta koma da zama da kwanciya, tana kallon ƙofar ɗakinta, ba ta shiga sai in ɗauko wani abu ya kama. Feshin ruwa na taɓa ta, sauro na cizo, amma tarin ya lafa, ta kuma samu barci.

Babu wanda ya hana ta, babu kuma wanda ya ce ta shigo ɗaya daga cikin ɗakunan benen, alhali akwai wanda ba kowa a cikinsa sai dilolin kaya. Ikram takan wuce ta ce, "Sannu Gwaggo, ana shan iska?" Alhaji kuwa ya rage tsayawa gaisuwa, don ganin katifar nan a tsakar gida yana sosa masa rai. Ba tausayi ke sosa shi ba, abin da mutane za su ce ne.

Ikram ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji. Ana gobe suna gida ya cika da aiki, aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka sauke kujeru. Da sassafe ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna an watse daga zaure, Alhaji ya shigo cikin babbar riga ya durƙusa a gaban Gwaggo, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Gwaggo, alfarma na zo nema. Yau dangin Ikram za su cika gidan nan, har da na Goron Dutse, kin san bakinsu. In suka gan ki a wurin murhu da katifa, me za a ce? Cewa za a yi Maharazu ya kori ƙanwar ubansa daga ɗaki."

"Ba kai ka kore ni ba, rufi ne."

"Su ba za su tambayi rufi ba. Yau ɗaya tak. Dubi sama, ko gajimare babu, an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ki zauna a ɗakinki a zo a gaishe ki kamar kowace uwa. Gobe in kin so ki fito."

Ita aka yi wa tarbiyyar kada a ji kan gida a waje, shi kuma ya san da haka.

"To," ta ce. "Allah ya raya yaro."

Nan da nan aka mayar da kayan, aka share ɗakin, aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka rataya labule. Alhaji ya leƙa ya ga itacen nan a tsaye a tsakiyar ɗaki kamar turken akuya, ya ɓata fuska.

"Wannan fa? Ai shi ne zai tona mana asiri. A cire shi, da yamma a mayar."

Sai da aka buga shi da taɓarya kafin ya fita, ƙasa ta zubo a kan sabuwar dardumar, aka sake sharewa. Nana Hauwa ba ta nan, tana gidan maƙwabta inda aka ɗora tukwanen suna, ita aka bar wa shinkafa. Ba wanda ya je ya gaya mata.

Gwaggo Hajo ta sa atamfarta mai kyau, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna daf da bakin ƙofa daga ciki, ta tare hanya. Bayan azahar mata suka fara shigowa. Duk wadda ta ɗaga labule za ta shiga sai ta ɗaga mata hannu.

"Daga nan ma ya isa, 'yar nan. Na amsa, Allah ya yi albarka."

Mata suka fara kallon juna. Wata ta ce tsohuwar nan akwai izza, wata ta ce ko rowar wurin zama take yi. Tana jin su. Tana kuma jin abin da su ba sa ji saboda hayaniya da kiɗan da ke tashi daga lasifika, ƙas-ƙas ɗin nan a sama, yau ba ya tsayawa.

Can wajen la'asar sai ga Ikram da kanta cikin kwalliya, ƙawaye na biye da ita, ta rungumo jariri za ta sa shi a cinyar kakarsa yadda aka saba. Ta ɗaga labule ta sa ƙafa ɗaya.

"Kada ki shigo min da shi!"

Tsawar ta sa tsakar gida ta yi tsit. Ikram ta ja baya, idonta ya kawo ruwa.

"Gwaggo, ɗan nawa ne ba kya so a ɗakinki? A gaban mutane?"

"Ki kai shi can, na ce. Can nesa."

Ikram ta juya da sauri, ƙawaye suka bi ta suna salati, tsakar gida ta ɗauki gunaguni. Gwaggo ta ji kalmar baƙin ciki ta fito daga bakin wata, ta ji ta har cikin ƙashinta. Ita da ta ɓoye turmin atamfa da sabulai na barka a ƙasan akwati tun cikin yana ƙarami. Ta ce a ranta bari ta ɗauko ta bi su da shi har bene, ta karɓi yaron a can, kowa ya gani. Ta dafa bango ta miƙe, ta taka zuwa ƙuryar ɗaki inda aka mayar da akwatin, ta durƙusa ta buɗe.

Ba a ji wata babbar ƙara ba. Azarar tsakiya ce ta karye, sauran suka bi ta, ƙasar da ta sha ruwan damina guda ta sauko gaba ɗaya. Labule ya yi waje, baƙin taɓo ya biyo shi har kan tayil. Rana na nan tana haskawa, sama fes.

Kafin Nana Hauwa ta iso da gudu, maza sun shigo daga rumfuna suna tono da hannu da faranti da duk abin da suka samu. Taɓon ya yi nauyi, yage-yagen fel suna naɗe musu hannu. Da aka kai gare ta, tana durƙushe a kan akwatin, ta riga ta cika.

Rumfunan da aka kafa don suna su aka zauna a ciki karɓar gaisuwa, ba a ma sauya kujeru ba. Washegari da hantsi, bayan an dawo daga maƙabarta, Alhaji Maharazu na zaune a tsakiya idonsa jawur, mutane na ta ba shi haƙuri. Wani dattijo ya ce gine-ginen ƙasar nan sai a hankali, kowace damina sai sun ci mutane. Wani ya ce ai Alhaji ba shi da haufi, kowa a unguwar nan shaida ne bana har fel ya sa mata. Malam Tanko na gefe kansa a sunkuye, yana amsa amin da ƙarfi fiye da kowa. Aka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma ba kwana ne ya hau saman bene ya zaɓi wanda za a rufa wa mai huɗu da wanda za a rufa wa ragowa ba.

Ana cikin haka Nana Hauwa ta fito daga zaure cikin hijabi. Mace ba ta ratsa zaman maza a ranar makoki, shi ya sa kowa ya bi ta da kallo. Ta zo har gaban Alhaji ta ajiye masa wani baƙin yanki a kan gwiwarsa, da sauran taɓo a jikinsa.

"Nana, koma ciki," ya ce a hankali. "Ba nan ne wurin ba."

"Kai ɗan kasuwar yadi ne, Yaya. Murza ka ji."

Bai so ba, amma idanu sun yi masa yawa. Ya ɗauka ya murza, abin ya ɓare a tsakanin yatsunsa ya zube a kan farar rigarsa.

"Ni na yi mata wanka, ni na sa mata likkafanin da ka aiko," in ji ta. "Allah ya saka da alheri, ka zaɓo mai kyau. Ya fi wannan kauri."

Ta juya ta shige gida. Aka daɗe a rumfar ba wanda ya ce a yi fatiha.